Goyon Gwamma a Birnin Cikin Furera

Masu riƙe da wannan labari sun ce a bayan ƙauyen Kwarin Maje akwai wani suri da ya fi mutum tsawo, kuma a cikinsa ne wata aljana ta yi naƙuda da tsakar rana, haihuwa ta gagara. Da danginta suka rasa dabara sai suka aika a kirawo Gwamma, ungozomar ƙauyen.

Gwamma na dawowa daga rafi wata doguwar mace ta tare ta, ta gaishe ta da sunanta. Matar ba ta da inuwa. Gwamma ta lura, amma ta sauke tulu ta bi ta. A cikin surin ta tarar ɗa ya zo ta ƙafa. Ta juya shi yadda ta saba, ta yanke cibiya, ta duba yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Da maijego ta dawo hayyacinta sai ta ce wa ungozoma ta faɗi ladanta.

Abu ɗaya ne a ran Gwamma. 'Yarta ta fari, Furera, tana da ƙulli a nonon hagu. Likita a asibitin birni ya ce sankara ce, wasu ƙwayoyin halitta ne suka shiga yaɗuwa ba tsayawa, kuma dole a yanke wurin kafin ya bazu. Mijin Furera ya amince. Gwamma ta ƙi, don ta taso tana jin cewa sankara ba ta son ƙarfe, in wuƙa ta taɓa ta, fusata take yi. Furera kuwa ta ce ba za ta kwanta a yanka ta ba sai da yardar Inna. A haka magana ta tsaya, ƙulli na girma.

Gwamma ba ta taɓa kiran sunan Furera ba. Kunyar 'yar fari ta hana. Ƙannen mijin Gwamma ne suka goya yarinyar, da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta. In zance ya kama, sai Gwamma ta ce “'yar nan.” Amma busasshiyar cibiyar yarinyar tana ɗinke a cikin fata, ɗaure a ƙugunta tun ranar da ta faɗi, ba wanda ya sani.

Gwamma ta ce wa aljanar tana so ta ga abin da ke cin 'yarta ido da ido.

Aljanar ta daɗe tana kallonta. “Ya ke mai sanyin hannu, kin roƙi abin da ba a saba roƙa ba. A cikin kowane ɗan Adam akwai birni, mutanensa sun fi yashin rafinku yawa. Zan shigar da ke na 'yarki. Abin da ke ƙugunki shi ne shaidarki a wurin masu gadi. Sharaɗina ɗaya ne: kome kika gani, kada ki goya kowa.”

Ta hura mata iska a fuska. Gwamma ta yi ta ƙanƙancewa har ƙwayar yashi ta zame mata dutse. Iska ta ɗauke ta, ta tsallake katangu da ita, ta sauke ta a tsakar gidan Furera, wadda ke zaune tana ɓarar wake. Ɓawon wake ya ɗan yanke Furera a babban yatsa. Ta wannan tsagar Gwamma ta faɗa ciki.

Yaƙi ta fara tararwa. Ganuwar birnin ta tsage, wasu baƙin halittu masu kama da guntayen kara sun kwararo ciki, kowanne yana tsinkewa biyu yana zama biyu. Daga wani jan kogi da ke gefe fararen dakaru suna matsowa ta tsakanin duwatsun gaɓa, suna auka wa baƙin, suna haɗiye su da rai. Wanda ya ƙoshi sai ya faɗi matacce a inda yake, wani ya taka gawarsa ya wuce. Gawarwakin suka taru tsibi guda, fari mai ruwan ɗorawa. Gwamma ta gane abin. Mugunya ce, wadda ta shekara da shekaru tana matsewa daga miki tana kau da kai.

Dakarun ba su da idanu. Da hannu suke gane nasu. Uku suka kewaye ta suna shafa ta daga kai zuwa ƙafa, hannuwansu da sanyi kamar cikin randa. Ɗaya ya buɗe baki zai haɗiye ta, sai yatsansa ya taɓa fatar da ke ƙugunta. Ya tsaya, ya ce tambarin gari ne, suka sake ta.

Wani ƙaton tsoho marar siffa tsayayya, mai hannuwa da yawa, ya matso yana jan jiki. Ya ce sunansa Mai Shara, aikinsa kwashe gawa da haɗiye abin da ya lalace, kuma an umarce shi ya yi mata jagora. Sai a lokacin ta dubi fuskarsa sosai. Fuskar Furera ce, ta tsufa, ba idanu. Ta waiwaya ga dakarun, su ma haka.

Suka shiga gari. Ɗakuna ne manne da juna iyakar gani, kowane ɗaki da mutum guda, kowane mutum da fuskar Furera: wata tana budurwa, wata tana 'yar yaye, wata da furfurar da Furera ba ta yi ba tukuna. A ƙofar kowane ɗaki an rataye ɗan samfurin abin da ake yi a ciki, masu gadi na wucewa suna shafawa. A tsakiyar kowane ɗaki kuma akwai dunƙulen zare mai tsawon gaske. Mai Shara ya ce a jikin zaren nan aka ƙulla duk umarnin birnin, iri ɗaya ne a kowane ɗaki, sai dai kowa da sashen da yake karantawa. Ya ƙara da cewa rabinsa daga wurin Gwamma ya fito. Gwamma ta kai hannu za ta taɓa, ta fasa.

A wata unguwa mai laima ta ga yadda ake haihuwa a garin. Wata mata ta zauna ta warware zarenta, ta kaɗa wani irinsa sak. Wani ɗan mai duba da ke zaune a cikin ɗakin ya bi sabon zaren da yatsa daga farko har ƙarshe, inda ya ga kuskure ya kwance ya gyara. Sannan zarurrukan suka jeru a tsakiya, aka ja rabi gabas rabi yamma, ƙugun matar ya tsuke kamar an ɗaure bakin buhu, ya tsinke. Mata biyu suka miƙe, bango ya tashi a tsakaninsu. Ba naƙuda, ba jini. Gwamma ta tambaya wacece uwar a cikinsu. Mai Shara ya ce tambayar ba ta da wurin zama a nan.

A ɗaki na gaba zaren ya cukurkuɗe, mai duba ya yi iya yinsa ya kasa. Ya matsa kusa da kunnen mai ɗakin ya raɗa mata kalma guda. Matar ta ce ta ji, ta gode. Ta zauna ta yayyanka zarenta da hannunta, ta tattara kayanta ta ƙulla su ƙananan ƙunshi, ita kanta ta yi ta motsewa har ta zama ƙunshi a cikinsu. Kafin ta gama ta rataye wata alama a ƙofa. Mai Shara ya shafa alamar, ya shiga, ya haɗiye ƙunshin ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabta ba su ko ɗaga kai ba.

Gwamma, wadda ta ƙare rayuwarta tana fizgo jarirai daga bakin mutuwa, ta ce wannan rashin imani ne.

“Ya baƙuwa, akwai mutuwa biyu a garin nan,” in ji Mai Shara. “Akwai ta wanda aka murƙushe ko aka ƙona, ya kumbura ya fashe, kayan cikinsa su watsu a kan maƙwabta, unguwa ta kama zafi da ja. Akwai kuma wadda kika gani, ta mai ladabi, wanda ya share wurinsa kafin ya tafi. Buɗe tafin hannunki.”

Ta buɗe.

“Lokacin da birnin nan ke cikinki, hannunsa faifai ne, yatsu a haɗe kamar ƙafar agwagwa. Aka ce wa mazauna tsakanin yatsun su tafi, suka tafi. Kakannina ne suka kwashe su. Duk jaririn da kika duba yatsunsa kika ce lafiya, makabarta kika duba.”

Gwamma ta rufe hannunta.

Suka faɗa jan kogi. Jiragen da ke cikinsa jajaye ne, masu lotsattsen tsakiya, kowanne ɗauke da iska zuwa unguwanni. Su kaɗai ne ba su da fuska. Mai Shara ya ce sun zubar da zarensu tun suna ƙanana don kaya su sami wuri. Kogin ya bi da su ta ƙarƙashin wasu fararen duwatsu masu lanƙwasa, ya kai su Unguwar Nono.

Tun daga nesa ta ga wurin. An gina ɗakuna a kan ɗakuna ba tsari, sun danne na maƙwabta, sun rushe katangar unguwa. Mazauna wurin sun haƙa wa kansu magudanai karkatattu suna janye ruwan kogi. Fuskar Furera ce a kansu su ma, amma ta karkace: wata baki a kunci, wata goshi biyu. Kowa ya cusa auduga a kunne. A ɗakunan da ta leƙa, ta ga an shaƙe ɗan mai duba an yar a lungu. Suna ta tsinkewa biyu, ba mai bin zare da yatsa, ba mai jiran izini.

Wasu dogayen masu gadi na kewaya unguwar. Mai Shara ya ce su ne Mahukunta, waɗanda ke kashe ɗan gari in ya lalace ya ƙi tafiya. Gwamma ta ga ɗaya ya tsaya a wata ƙofa, ya shafa, jikinsa ya ɗauki rawa alamar ya gane. Sai mai ɗakin ta miƙo hannu ta yi masa musafaha irin ta 'yan gari, ta riƙe. Mai gadin ya yi hamma, kafaɗunsa suka saki, ya wuce yana layi.

Wata babba a cikin mazauna unguwar ta leƙo daga saman tsibin ɗakunan, ta zare audugar kunnenta, ta yi wa Gwamma barka da zuwa da muryar Furera. Gwamma ta tambaye ta dalilin da ya sa suke cin garin da ya haife su.

“Ya mahaifiyar gari, ba mu ci kowa ba. An ce mu mutu, muka ce a'a. Ke da kanki, sau nawa aka ce miki jariri ya tafi, kika hura masa baki kika ce a'a?”

Gwamma ta ce in garin ya faɗi, da su zai faɗi.

“Wannan zancen gobe ne,” in ji babbar. “An yanke gobe daga zarenmu.” Ta mayar da audugarta.

Mai Shara ya ce zai je zangon masu gadi da ke Kaluluwar Hammata ya kai rahoto, ta jira shi a bakin kogi, kada ta taɓa kome. Ya ja jiki ya tafi.

Tana zaune sai ta ji kuka. A gefen tsibin wata jaririya ta ɓalle daga cikin sauran, ta gangaro har bakin ruwa. Wannan ba ta karkace ba. Fuskar Furera ce ta ranar suna, har da ɗan tabon da ke bayan kunne. A waccan ranar Gwamma na zaune a ƙuryar ɗaki, kai a sunkuye, tana jin kukan nan yana yawo daga hannu zuwa hannu, ba ta ɗaga ido ba don kada a ce ta yi rashin kunya. Yau ba dangin miji, ba mai gani. Jaririyar ta miƙo hannu biyu.

Gwamma ta ɗauke ta, ta juya ta baya, ta ɗaure zane, ta ƙara da majanyi. Ta ce a ranta ɗaya dai za ta fitar daga wannan mugun wuri. Ta shiga kogi.

Ruwa ya ja su zuwa Zuciya, wani babban gida mai duka kamar ganga, ƙofofinsa na buɗewa suna rufewa. Ya haɗiye su, ya tofar da su da ƙarfi. A nan ne ta ji goyon ya motsa, ya tsuke a tsakiya. Kukan ya zama na mutum biyu. Kafin kogi ya yi kwana ya zama na huɗu. Zane ya fara cin ƙirjinta.

Suka fito wata ƙasa mai haske, cike da rumfuna sirara da ke kumbura suna saɓewa, iska na shiga tana fita. Ƙasar Huhu ce. Ba ƙulli ko ɗaya a cikinta, ko'ina tsaf.

“Inna, sauke mu nan,” in ji muryoyin a bayanta. “Wurin ya yi kyau.”

Ta ji ƙananan ƙafafu suna zurowa ta ƙarƙashin zane, suna tsawo, suna laluben gaɓa kamar saiwar gamji a jikin bango. Sai maganar likita ta dawo mata, kafin ya bazu. Ashe haka yake bazuwa. Ashe yau ita ce jirginsa.

Ta tattaro ƙafafun ta cusa cikin zane, ta ja majanyi har numfashinta ya sarƙe, ta koma cikin ruwa. Suka yi ta roƙo. Da roƙo ya ƙi suka koma cizo. Nauyi ya danne ta har ruwa na rufe mata kai, tana tasowa tana tambayar jiragen hanyar Hammata, ba mai bakin amsawa. Kogi ya sake mayar da ita gidan ganga, ya sake tofar da ita. Daga can ta hangi wani siririn rafi mai farin ruwa ya ratse gefe, fararen dakaru na binsa. Ta kama gaɓa, ta ja jiki da gwiwa ta shiga.

Zangon Kaluluwa cike yake da masu gadi, sun yi sahu sahu suna jira. Mai Shara na tsakiyarsu. Ya shafa bayanta, ya janye hannu. Shugabar Mahukunta ta matso, doguwa, fuskar Furera ba idanu. Nan take hannuwa suka fara fitowa daga goyon, kowanne na neman musafaha.

Gwamma ta durƙusa ta kwance majanyi. Ta san yadda ake naɗe jariri ya kasa motsa hannu, ta yi shi sau ba adadi. Ta yayyaga zanenta, ta naɗe su ɗaya bayan ɗaya, hannuwa a ciki, ta jera su a ƙasa. Sannan ta bi su tana zare audugar kunnuwansu da ɗan yatsa, yadda take share kunnen sabon haihuwa. Shugabar na biye da ita, tana dafa kowanne, tana raɗa masa kalmar. Suka shiga motsewa suna zama ƙunshi.

Ta ƙarshe ita ce mai tabo a bayan kunne. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi Gwamma ta ce, “Inna, sau ɗaya tak kika taɓa goya ni. Shi ne za ki ba da ni?”

Hannun Gwamma ya tsaya a kan kunnen. Daga nesa ana jin dukan ganga.

“Wadda na haifa tana waje tana ɓarar wake,” in ji ta. Ta zare audugar.

Mai Shara ya haɗiye ƙunshin, ya rage ɗan guntu, ya bi sahu yana miƙa wa masu gadi suna shafawa. Duk suka wuce shi sai ɗaya, wanda guntun ya zauna a tafinsa daram. Wannan ya tsinke biyu, biyun suka tsinke, har suka cika fili. Shugabar ta ce daga yau duk wanda ya ɓalle ya shiga kogi, waɗannan za su san shi, kuma wasunsu za su zauna da sanin har tsufan birnin.

Gwamma ta tambaya ko za su iya da unguwar kanta.

“Ya mahaifiyar gari, ba za mu yi miki ƙarya ba. Ta fi ƙarfinmu. Hannuwansu sun yi yawa, ba ki da zanen da zai naɗe su. Kowace safiya suna jefa jarirai a ruwa, wata rana ɗaya zai wuce mu. Sai an kawo ƙarfe daga waje an ɗebe unguwar gaba ɗaya. Muna jin an yi maganar, muna jin an hana. Ba mu san wanda ya hana ba.”

Gwamma ta sani. Mai Shara ya raka ta wata rijiya mai ruwan gishiri da ke hawa sama, ya tura ta ciki. Ta fito tare da ɗigon zufa, iska ta ɗauke ta.

Ta farka a gindin suri. Tulunta na nan inda ta ajiye, rana ba ta gusa ba. Zanenta lafiya lau, ba yaga. Amma da ta miƙe bayanta ya ƙi miƙewa, kuma bai ƙara miƙewa ba har ƙarshen ranta. Surin ba ƙofa, ba kowa.

Ta bar tulun ta nufi gidan 'yarta. Furera na zaune a kan tabarma, ƙwaryar wake a gabanta, tana tsotsar babban yatsa. Ta ce sannu da zuwa Inna, ta matsa mata wuri. Gwamma ta zauna, ta kama hannun, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ware yatsun ta daɗe tana duban tsakaninsu.

“Furera,” ta ce.

Furera ta waiga bayanta tana neman wanda ya kira ta, don ba ta san sunanta a wannan muryar ba.

“Ni ce. Tashi ki ɗauko mayafi, ki aika a kira mijinki. Asibiti za mu.”

Waɗanda suka gan su a hanyar tasha sun ce 'yar ce a gaba, uwar na biye a duƙe, kuma lokaci lokaci tsohuwar kan kai hannu baya ta ɗan jijjiga, kamar mai lallashin goyo.